Cip a hannu biyu, yadda aikin ke tafiya a nan Jidda

9 ga Oktoba 2024

Kayan sun iso yau bayan la'asar. Allura biyu ne manya, kowace a rufe cikin ledarta an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta tun daga kamfani, cip ɗin yana can zaune cikin allurar ba ka ma ganinsa. Daga Amurka na yi oda, wajen Dangerous Things, kamfanin Amal Graafstra wanda shi kansa tun 2005 ya saka a hannunsa. Tsawon kowanne milimita 12 kaurinsa 2, kamar ƙwayar shinkafar basmati dai, kwalba ce ƙarama ta gilashin da jiki ba ya faɗa da shi, a ciki akwai ɗan silikon da siririyar wayar tagulla a nannaɗe. Ba batir a ciki ko kaɗan, sai na'urar karantawa ta matso daf da fata sannan ya samu wutar da zai amsa mata.

Aikina saka makullan kati ne da kyamarori a imarori, wato gidajen bene na haya, da ofisoshi, kullum ina miƙa wa mutane kati ko ɗan maƙalin makulli nace ga mabuɗinku, ni kuma in iso bakin ƙofa da tsani a kafaɗa da jakar kayan aiki a hannu ina laluben aljihu. Abin da ke cikin katunan nan shi ne a cikin kwalbar nan, ba wani sihiri, kuma na daɗe ina so in san yadda yake a jiki ba a takarda ba. Na hagu xEM ne, cip samfurin T5577 mai aiki a mitar kilohaz 125, irin na ƙofofin imara. Na dama xNT, wato samfurin NTAG216 mai mitar megahaz 13.56, shi ne wanda waya ke karantawa da NFC, fasahar da waya ke karanta kati in an kusanto mata shi.

Likita ne zai saka, ba ni ba kuma ba wani aboki ba. Wani ɗan Sudan ne da ya saba da ƙananan tiyata, yace ya sha saka wa mata ashanar tsarin iyali a damtse, don haka shiga ƙarƙashin fata ba baƙon abu bane gare shi. Sharaɗinsa ɗaya, hannu ɗaya a lokaci ɗaya, sai ya warke a taɓa ɗayan.

13 ga Oktoba

Jiya na je Makka wajen Umma a Shara Mansur don bana so ta ji a bakin wani. Shiru tayi da farko, can tace, kai yanzu me Allah Ya rage ka da shi da za ka cusa wa jikinka kwalba? Nace Umma ba abin da Ya rage ni da shi, mabuɗi ne kawai. Tace ai tun lokacin korona ake cewa za a saka wa mutane abu a jiki a riƙa bin su. Ban raina tsoronta ba wallahi, don unguwar nan mutane sun san mene ne a tare ka a hanya a nemi takarda. Na ɗauko katin ƙofa daga aljihuna na ɗora a tafin hannunta nace wannan yana faɗa wa wani inda kike? Tace a'a. Nace to shi ne dai, GPS yana buƙatar batir da eriya mai girma, wayar da ke jakarki ita ce ta san duk inda kika taka. Ba ta ce ta yarda ba, tace dai je ka tambayi Malam.

Na tambaye shi bayan isha'i. Nace Allah gafarta Malam, wannan ya shiga canza halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i aya ta 119, ko ya shiga hukuncin zanen jiki da hadisi ya tsine? Ya yi min tambayoyi fiye da yadda na zata, ko don ado ne, ko yana hana ruwa taɓa fata, ko ana iya cire shi, ko likita yace akwai cutarwa. Da na amsa sai yace a fahimtarsa abin yana komawa ga amfani da cutarwa ne, la darara wa la dirara, wato babu cuta babu cutarwa, in likita amintacce bai ga cutarwa ba shi bai ga dalilin haramtawa ba, amma kada in tafi ina cewa fatawa ce ga kowa. Ya ƙara min da wani abu da ya amfane ni: in yi alwala kafin a ɗaura bandeji, domin wasu malamai na sharɗanta a ɗaura shi a kan tsarki kafin a riƙa shafa a kai, mu Malikiyya ba ma sharɗantawa amma fita daga saɓani ya fi.

17 ga Oktoba

An saka na hagu. Alhamis na zaɓa da gangan don in samu Juma'a da Asabar ba dawam, wato ba zuwa aiki.

Kafin komai Dakta ya tambaye ni ko ina da suga, ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, sannan yace nuna min tsofaffin tabbanka. Na ɗaga masa ƙafar wando ya duba wani tsohon ciwo a ƙaurina. Yace mu masu baƙar fata tabo ya fi yi mana tsiro ya zama tudu, da ya ga alamar haka da ba zai yi ba. Daga nan ya zana da alkalami, ya bi ƙashin babban yatsa ya bi ƙashin manuniya, wurin da ke tsakaninsu a bayan hannu nan ne, cip ɗin zai kwanta a tsaye jere da ƙashin manuniya amma ba a jikinsa ba. Ya goge da kulohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bari ya bushe, yayi min 'yar allurar kashe zafi, ma'aikacin jinya ya tsinko fatar ya ɗaga ta sama, allurar ta shiga. Abin da na ji shi ne turawa mai ƙarfi don allurar nan kauri gare ta ba kamar ta zazzaɓi ba. Ya ja ta baya kaɗan kafin ya danna, ya zare, ya danne da auduga na ɗan lokaci. Jinin bai kai cokalin shayi ba. Siraran filasta masu haɗe bakin ciwo, sai wata mai kama da leda a kai wadda ruwa ba ya ratsawa. Shikenan.

Yace ya akhi kada ka matsa, kada ka murza, kada ka riƙa taɓawa kana neman inda yake. Panadol in ya dame ka.

18 ga Oktoba

Daren jiya da maganin kashe zafin ya sake ni sai zogi ya fara, ba mai hana barci ba amma ka san yana nan. Da safe wurin ya kumbura har ramin da ke tsakanin yatsun ya cike.

A nan ne na gane dalilin Dakta na cewa ɗaya bayan ɗaya, don hannun hagu shi ne na tsarki kuma ba abin da sabon ciwo ya tsana kamar wannan. Na sayo kwalin safar hannu na roba a saidaliyya, wato kantin magani, duk shiga banɗaki sai na saka ɗaya in ɗaure bakinta a wuyan hannu, in na gama in cire ta ta baibai in jefar in wanke yatsu da sabulu ba tare da ruwan ya hau filastar ba. Alwala kuma in wanke duk inda ruwa zai iya zuwa, yatsu da tafi da sauran hannun har gwiwa, in shafi kan filastar da jiƙaƙƙen hannu. Abin yana cin lokaci, uwargida ce ke riƙe min buta tana zubawa a hankali. Sujada ba matsala tunda tafin hannu ne ke ƙasa, tashi ne dai na koma dogara da dama.

21 ga Oktoba

Na koma shugul, wato aiki, amma yaron da muke aiki tare shi ke riƙe diril da filaya, ni ina kan saitin na'urori. Rutubar Jidda, wato laimar iskarta, ko a Oktoba ba ta raga wa kowa, kafin azahar gumi ya taru a ƙarƙashin filastar gefenta ya fara ɗagowa, dole na canza a cikin mota da mukayyif, wato na'urar sanyi, a kunne. Jini ya ɗan kwanta wajen wuyan hannu, wurin yayi duhu, Dakta ya ga hoto yace ba komai zai watse.

26 ga Oktoba

Bakin ciwon ya haɗe, ɗan ɓawo ne kawai ya rage. Ƙaiƙayi kam sai wanda ya gani, musamman da dare. Na daina filasta a gida. Har yanzu ban je bakin tekun Abhur wanka ba duk da yaran sun dame ni, ruwan teku zai jira.

Wani maƙwabcinmu da ya ji labari yace ai wannan raƙuma ake yi wa. Gaskiya ya faɗa, a ƙasar nan hukuma na sa a saka wa raƙuma cip don a san mai su, kuma asalin fasahar ɗaya ce. Bambancin, na dabbobi kilohaz 134.2 ne, kuma da yawansu ana shafa musu wani abu a jikin kwalbar don nama ya kama ta gam kada ta yi yawo. Nawa sumul yake ba a shafa komai ba, jiki ne da kansa zai saƙa masa siririn tantani ya kewaye shi cikin makonni biyu zuwa huɗu, shi yasa ake cewa kar a dame shi a wannan tsakanin, kuma shi yasa in ranar cirewa ta zo ɗan tsagawa kaɗan ya isa.

9 ga Nuwamba

Yau na rubuta bayanan kati a cikin cip ɗin hagu. Na jira har kumburin ya sauka gaba ɗaya saboda T5577 ba ya son a katse masa rubutu, in eriya ba ta kama shi sosai ba aka rubuta rabi to yana iya rikicewa, kuma wannan ba kati bane da za ka jefar ka ɗauko wani a kwali. Proxmark3 na yi amfani da shi, wata na'urar karantawa da rubuta kati. Duk mai wannan tunanin ya nisanci shuɗin na'urorin kwafe kati masu arha ɗin nan da ake sayarwa ta intanet, da yawansu suna saka wa cip lambar sirri ba tare da sun faɗa maka ba.

Katin ƙofar imararmu na kwafa, samfurin EM4100 ne, kuma sai da na nemi izinin mai gidan, ni ne ma na saka masa makullin tun farko. Na sauka ƙasa haris, wato maigadi, yana zaune kan kujerarsa, na dunƙule hannu na kai bayansa jikin na'urar, shiru. Na juya shi a kwance na ja shi zuwa gefen na'urar inda wayar eriyarta ta bi, sai ƙit, fitila tayi kore ƙofa ta saki. Haris ya miƙe yace masha Allah, sake in gani. Na sake. Raina yayi fari ƙal wallahi, abin da na shekara ina karantawa ga shi yana aiki a cikin fatata.

Amma kowa ya sani, nisan karatun kusan babu shi, sai fata ta taɓa roba kuma sai ka koyi kusurwar kowace na'ura. Kati eriyarsa faffaɗa ce, wannan kuwa 'yar mitsitsiya.

14 ga Nuwamba

Na dama. Komai kamar wancan, sai dai ya ɗan fi jini don akwai wata ƙaramar jijiya kusa da wurin, Dakta ya matsa gefe kaɗan ya kauce mata.

15 ga Nuwamba

Na dama ya fi na hagu wahalar jinya nesa ba kusa ba, kuma ba don zafi ba, don mutane. An sallame Juma'a kowa ya miƙo hannu, mutanenmu kuma in suka kama hannunka sai sun matse sun girgiza, babban yatsansu yana sauka daidai kan ciwon. Na riƙa ɗora hannu a ƙirji ina cewa afuwan akwai ciwo, amma wani dattijo ɗan garinmu ya riga ya cafke kafin in buɗe baki, zafin har cikin kaina. Ba laifinsa bane, gaisuwa ce. Gobe zan naɗa farin bandeji babba a kai ko da ba a buƙata, don ido ya gani kafin hannu ya iso.

Da rana an kawo mandi gidan ƙanena, kowa ya sa hannu a faranti ni ina gefe da cokali, riƙe cokalin ma da 'yan yatsu uku. Rubutu da biro, murɗa makullin mota, ɗaga kofin shayi, duk ta nan suke bi, sai ka ji ciwo a wurin kake sanin yawan aikin da yake yi.

19 ga Nuwamba

Jiya hankalina ya tashi. Wurin ya ɗauki ƙaiƙayi mai zafi, da na ɗaga filastar na ga ƙananan ƙuraje. Na kira 937, layin ma'aikatar lafiya, suka ce in je a duba, na wuce wajen Dakta bayan magariba. Ya sa bayan yatsunsa a kan ciwon sannan ya sa a ɗayan hannun yana gwada ɗumi, ya danna gefe yace da zafi? Nace a'a. Ya nuna min yadda ƙurajen suka bi layin filastar murabba'i cif, tsakiyar kuma lafiya lau. Gam ɗin sabuwar filastar da na saya ne fatata ba ta so, ba ƙwayar cuta bace. Ya canza min zuwa gozi da filastar takarda, ya ba ni man shafawa na gefen kawai banda bakin ciwon.

Abin da ya faɗa min a nan ya kamata duk mai irin fatarmu ya riƙe. Takardun jinya duk suna cewa ka lura da ja, to mu ja ba ya fitowa sosai a fatarmu, kana jiran ganin ja ciwo yana cin ka. Yace ka lura da ɗumin wurin in ya fi na ɗayan hannun, kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, fata ta yi tauri tana sheƙi, zogin da ke daɗuwa, mugunya, zazzaɓi, ko ka ji zafi yana hawa ta damtse zuwa hammata. Ko ɗaya daga ciki a tafi mustashfa, wato asibiti, a daren, kar a jira safiya, domin hannu cike yake da jijiyoyi kuma ƙwayar cuta in ta samu baƙon abu ta maƙale a jikinsa magani ba ya saurin kai mata, wani lokaci sai an cire.

7 ga Disamba

Na dama ya warke. Da manhajar NFC Tools na rubuta masa sunana da lambar waya da rukunin jinina. Duka wurin ajiyarsa bayit 888 ne, ko hoto ɗaya ba zai ɗauka ba. A iPhone eriyar tana can saman wayar, a Samsung ɗin uwargida tana tsakiyar baya, kuma in rigar wayar mai kauri ce sai an cire. Ban kulle shi ba don in iya canza rubutun nan gaba.

Tun da labari ya bazu tambaya ɗaya ake min, za ka iya biyan kuɗi a bagala, wato kantin unguwa, da shi? Ba zan iya ba. Katin banki na mada da Apple Pay suna aiki da mabuɗan sirri da ba a kwafewa, wannan cip ɗin ba shi da su. Akwai waɗanda aka ƙera don biyan kuɗi, irin na kamfanin Walletmor a Turai, amma wancan wani abu ne daban kuma ya fi girma. Nawa ba ruwansa da iƙama, wato katin izinin zama, ba ruwansa da manhajar gwamnati ta Absher ko jawazat, hukumar shige da fice, kuma ma'aikatan motar asibiti ba sa duba hannun mutum da waya, don haka rukunin jinin da na rubuta bai maye gurbin takarda a walat ba.

Wani abokina yace to wahalar me ka sha kenan, mabuɗi biyu? Eh mabuɗi biyu, kuma ni sun ishe ni. A Suwidin dubban mutane sun saka, har kamfanin jirgin ƙasansu SJ ya fara karɓar tikiti ta cip ɗin hannu a 2017. Kevin Warwick na jami'ar Reading a Ingila ya gwada tun 1998, nasa kwana tara yayi aka cire. Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne maganar tilas. A 2017 wani kamfani a Wisconsin ta Amurka, Three Square Market, ya saka wa ma'aikatansa da suka yarda, kuma jihar tun 2006 tana da dokar hana tilasta wa mutum. Mu da yawancinmu ke aiki ƙarƙashin kafili, wato maigidan da izinin zamanka ke hannunsa, mun san yadda kalmar "in kana so" take zama a bakin wanda ke riƙe da abincinka. Ni na zaɓa da kuɗina da hankalina, amma ranar da wani maigida zai ce sai da shi za a shiga wurin aiki, ni ne na farko da zan ce a'a, kuma ba zan saka masa na'urar ba.

Akwai kuma maganar da na faɗa wa Dakta tun farko. Wani cip na jikin mutum mai suna VeriChip da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, a 2007 an fito da rahotannin ƙari a jikin ɓerayen gwaji da aka saka wa cip, zuwa 2010 aka daina yin sa. Yace ɓeraye sun fi mutum saurin yin irin wannan ƙarin a kusa da baƙon abu, amma duk da haka in riƙa shafa wurin lokaci zuwa lokaci, in na ji wani tauri ko tudu sabo in zo.

21 ga Disamba

Mun yi umra da uwargida, jirgin ƙasa na Haramain muka hau. Na wuce ƙofar bincike ba abin da yayi ƙara. A ɗawafi cunkoso ya matse ni an danne hannun dama da jikin wani keken guragu, na ji tsoro amma da muka fito na gwada da waya ya amsa, ba kumburi. Mun biya ta wajen Umma, ta kama hannun ta juya shi ta shafa da babban yatsanta har ta ji shi yana motsi kaɗan a ƙarƙashin fata. Tace yana maka ciwo? Nace a'a Umma. Tace Allah Ya tsare, ta ci gaba da zuba mana shayi.

11 ga Janairu 2025

Hagu: ɗigon tabo baƙi ƙarami, a kwance ba tudu, cip ɗin yana nan inda aka ajiye shi. Dama: tabon ya ɗan fi duhu, inda filastar ta ci fata ma akwai sauran inuwa amma tana washewa, cip ɗin ya ɗan karkata kaɗan wajen babban yatsa ya tsaya nan, Dakta yace tunda ba ya gogar ƙashi a bar shi. In na dunƙule hannu ana ganin shacinsa. Diril, filaya, ɗaukar tsani duk na koma, abin da kawai nake ji shi ne in na buga bayan hannun a kan ƙarfe daidai wurin. Na rubuta a 'yar takarda na sa a walat cewa akwai cip a hannayena biyu, saboda ranar da za a buƙaci hoton MRI ma'aikatan su sani kafin a shigar da ni.

Saura makullin ƙofar shiggarmu, wato sashenmu a cikin imarar. Na samo wanda ke karanta megahaz 13.56 ya yi rajistar lambar cip ɗin dama, amma zan bar ramin mabuɗi na ƙarfe a jikinsa saboda uwargida da yara da ranar da batirin makullin zai mutu. Mai gidan yace in bari ya dawo daga Madina ya ga inda zan huda ƙofar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.